Na Haihu a Siton Gyaɗa

Yanzu da wuya hantsi ya yi ban ga dillali ya jawo wani saurayi ƙofar gidanmu ba, gwaggon amarya tana biye da su tana taɓe baki tun ba ta ga ɗakin ba. Ina zaune a kan tabarmata ina jin abin da dillalin yake zubawa. Wai ginin tarihi ne, wai su dubi kaurin bango, su dubi tsawon rufi, ko ana tsakiyar bazara a nan ciki sai mutum ya nemi mayafi. Sai in ga saurayin ya ɗaga kai sama yana murmushi, gwaggo kuwa ta warware gyalenta tana auna ko gado zai shiga. Idan aka faɗi kuɗin haya ta yi salati ta ce ko a birni sai haka, amma ba a rufe mako sai in ga motar jere ta tsaya. Kowa ya daɗe ya ga daɗau. Wannan bangon da suke shafawa da wannan rufin da suke ɗaga wa kai, ni da kunya na shige su, kaina a ƙasa, don a zamaninmu matar aure ba ta kwana a kasuwa.

Layin nan da yara suke kira tsakiyar gari, mu Layin Sito muka san shi. Ɗakunan ajiyar gyaɗa ne a jere a gefen hanyar mota, masu manyan ƙofofin ƙarfe, rufin kwanonsu can sama kamar an ɗora ɗaki a kan ɗaki. Ina yarinya mai tallan ƙosai a nan nake yini da kaka, kuma abin da ya fi zama a kaina ƙara ce. Kukan jakunan da suka kwana a hanya, kacau ɗin sikeli idan aka ɗora buhu, muryar malamin awo, waƙar 'yan dako suna hawa tulin buhuna a guje, da wani shuuu da gyaɗa take yi idan aka juye ta a kan siminti don ta sha iska. Ƙamshinta har a gashin kai mutum yake kaiwa gida. Daga nan ake yi wa yara kayan salla, daga nan ake sallamar masu haraji, daga nan ake aure. Mahaifina yakan ce gero ne yake riƙe ciki, gyaɗa ce take rufa jiki. Babban siton da ke tsakiya na wani Alhaji ne, ɗan garin nan, wanda yake saye wa kamfani. Ko tarinsa aka ji daga nesa sai 'yan dako su gyara tsayuwa.

An kai ni gidan miji a shekarar ƙarshe da damina ta yi mana mutunci. Daga nan sama ta rufe bakinta. Hadari ya taso baƙi ƙirin, mu kwashe shanya, mu jera tukwane a gindin indararo, sai iska ta wuce da shi yamma ta bar mu da baki buɗe. A yi shuka ta mutu, a sake ta mutu, har iri ya ƙare. Gyaɗar da ta yi ƙarfin hali ta fito, ƙwarin darɓa suka faɗa mata, ganyen ya dunƙule ta kuturce. A ƙasarmu gona manne take da gona, babu dajin da mutum zai shiga ya nemi abin kaiwa baki, sai tafasa da rama da yaɗiya, su ma da rububi. Na san ɗanɗanon dusa, na san yadda ake sake wa garin kwaki ruwa don ya zagaya kowa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shirun turmi. Garin da daka take tashe shi tun asuba, sai a wayi gari rana ta take ba a ji taɓarya ko ɗaya ba. Mutane suka fara tashi gida-gida, a naɗe tabarma, a ɗaure tukunya, a hau babbar mota a nufi kudu. Iyayena ma suka bi. Uwata ta riƙe hannuna a bakin motar ta ce, "Ki zauna inda na bar ki. In da rabon mu dawo, nan zan neme ki." Su kansu ba su san garin da za su sauka ba, balle in san inda zan aika.

Gidan mijina yana bakin kududdufi, mu uku ne a ciki, ni da shi da mahaifiyarsa wadda kowa yake kira Inna. Gidan ƙasa kuwa duk shekara yana son a shafa masa. Da rani ake kwaɓa ƙasa a yi yaɓe, a toshe tsaga, a gyara indararo. To wa yake da ƙarfin kwaɓi da cikin da babu komai, kuma ina ruwan kwaɓin? Shekara ta bi shekara bango yana tsagewa muna kallo. Ranar da Allah ya sako ruwan da muka daɗe muna roƙo, da la'asar ne, ina da ciki ya fara nauyi. Yara suna tsalle a cikin ruwan, tsofaffi suna hawaye don murna. Kududdufin ya cika ya tumbatsa, ya ci gindin katanga. Muna tsaye a zauren maƙwabta muka ga ɗakin Inna ya durƙusa, nawa ya bi shi. Kafin magariba inda gadona yake ya zama ruwa, kwaɗi suna kuka a kai. Ba mu kaɗai ba ne, gidaje da dama a unguwar haka suka kwanta a ranar. Inna ta dubi wurin ta ce, "Ruwan da ya ci ɗaki shi zai ba da tuwo. Alhamdu lillahi." Ta juya ta share ido da bakin zani, ta zaci ban gani ba.

Mijina, Allah ya ji ƙansa, mutum ne mai haƙuri, amma a ranar haƙurin ya kawo masa wuya. Akwai wani mai hali da yake bin gonakin masu tashi yana saye a wulaƙance, ya daɗe yana aiko masa. Mijina ya ce wa Inna a sayar da gonar gado mu bi sahun mutane, tunda ga shi gidan ma babu. Gonar ba ta sayuwa sai da yardar Inna, ita kuwa ta ce ba ta shirya barin garin da aka binne mijinta ba. Ni ban isa in sa baki ba, amma ban so a sayar ba. Duk wanda ya sayar da gona ya hau motar nan ba mu ga ya dawo ba. In muka tafi, uwata za ta zo ta tarar da kududdufi, ta tambaya, a ce mata ba a san inda muka yi ba.

Inna ce ta tuna da sito. Tun da gyaɗa ta mutu layin ya zama kango, jemagu da ɓeraye suna haya kyauta. Ta ja liman da mai unguwa suka je wa Alhaji, wanda shi ma karayar ba ta bar shi ba, motarsa tana kan duwatsu, manyan rigunansa suna fita kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ya yarda iyalan da ruwa ya rushe wa gida su shiga babban siton, ba ya son ko anini. Amma da sharaɗi. "Ba gida na ba ku ba," in ji shi, "inuwa na ara muku kafin gyaɗa ta dawo. Kada a buga mini ƙusa a bango, kada a fasa mini siminti, ciki da waje. Ɓera rami ɗaya yake nema. Ranar da aka ce kaya sun zo, so nake in share in zuba." Aka ce an ji, an gode. Inna ta ce a hanyar dawowa mai unguwa yana ce wa liman ƙasa-ƙasa, gyaɗar da za ta dawo sai dai ko a lahira. Amma da babu gara ba daɗi, washegari muka kwashi abin da ruwa ya bar mana muka nufi kasuwa.

Na shiga da mayafi har ƙasa, ina jin kamar duk garin ni yake kallo. Ciki fili ne fetal, in ka yi tari ya amsa maka. A baya akwai farfajiyar shanya gyaɗa kewaye da katanga, ita ma siminti ce daga bango zuwa bango, sai tsohuwar salgar lebura a can waje. A nan na ga abin da talaka yake iyawa idan aka ɗaure masa hannu ɗaya. Tunda ba a haƙa rami, maza suka samo tsofaffin garewanin kananzir, suka cika su da laka, suka kafa dirka a cikin kowace. Tunda ba a buga ƙusa, komai da igiyar rama aka ɗaure shi. Zana ta zama bango, kowane iyali da ɗakinsa. A bakin babbar ƙofa aka yi 'yar kwana da zana, aka ce wannan shi ne zaure, don namiji ya san inda zai tsaya ya yi sallama, mu kuma mu ji har yanzu matan aure ne. Murhu a kan yashi aka girka shi don kada wuta ta ci simintin. Da wuri ya yi mana kaɗan, mijina ya ɗaga kai ya dubi rufin ya ce wannan sararin ai asara ne. Aka ciro azarar gidajenmu daga cikin laka, aka shimfiɗa ta a kan dirkokin, aka ɗaure da ƙarafan rufi, sai ga bene a cikin ɗaki, da tsaninsa na gora. Yara maza da tarkace suka koma sama. Ni da ban taɓa hawa bene ba, sai ga ni ina kwana a ƙarƙashin nawa.

Zana ba ta riƙe sirri. Mun san wanda yake minshari, mun san wadda mijinta yake lallashi, mun san tukunyar da aka ɗora da wadda ruwa kawai ake tafasawa don yara su yi barci da sa rai. Wannan ta ƙarshen ita ce alherin wurin, don ba a barin ta ta tafasa ita kaɗai, sai ka ga hannu ya zuro ta ƙarƙashin zana da 'yar ƙwarya, ba a ce komai ba. Idan ruwa ya sauko a kan kwano, magana ma ba a ji, sai mu zauna muna kallon juna muna dariya, don a karon farko ruwa yana zuba ba ma duban bango. Gero yana can yana tasawa. Ni dai ban taɓa zama da mutane na ji su a jikina kamar waɗannan ba.

Alhaji kuwa ba ya fashi. Sikelinsa yana nan a kusurwa, wajen zanar zaure, kowace safiya zai zo ya yi sallama, ya zauna ya goge shi, ya ɗiga masa mai, ya goge ƙarafan awo ɗaya-ɗaya, har babban nan mai mariƙi wanda sai ƙato yake ɗaga shi. In ya gama sai ya aika a ce mata su kimtsa, ya zagaya yana ƙwanƙwasa siminti da sandarsa, yana saurare ko wani wuri ya yi rami a ƙasa. Mata suna yi masa dariya a bayan zana, suna cewa ango ya zo gaida amaryarsa. Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye ba, amma tausayi yake ba ni. Mu gida muka rasa muka sami inuwa, shi abin da ya rasa babu mai ara masa.

Da cikina ya tsufa sai na ga Inna ta daina raha. Takan fita farfajiya ta tsaya tana duban simintin nan. A wurinmu idan mace ta haihu, ungozoma tana wanke mabiyiya, abin nan da yake biyo bayan jariri, a sa ta a kasko a binne a cikin gida, kusa da inda mai jego za ta riƙa wanka. Ba a kai ta inda ƙafa take bi kare yake tono. Ba a kuma kai ta kufai, don tsofaffi sun ce inda aka binne ta nan zuciyar yaro take komawa, wanda aka sa tasa a kango ba ya zama wuri ɗaya. Yaran yanzu suna cewa al'ada ce kawai, malamai ma na ji sun ce binnewar ake so, ko a ina ne. Ban yi musu da kowa ba. Amma Inna ba a wannan makarantar ta yi karatu ba. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta, ni kuwa gidan iyayena an kulle shi da ƙaya. Inna ta aiki mijina ya roƙi Alhaji wuri ko kamar faifai a kusurwar farfajiya. Ya dawo kansa a sunkuye, ya ce Alhaji ya ce yau faifai, gobe a ce rijiya. Ina kwance na ji Inna ta ce, a hankali, "Na haƙura da kwana a kasuwa, na haƙura da bangon zana. Amma gidan da ba a binne mabiyiya a cikinsa zango ne, ba gida ba. In jikana ya faɗo babu ƙasar da za ta karɓe shi, ka kira mai sayen gonar, ana yin suna mu tafi." Inna ba ta maimaita magana. Na juya fuskata ga zana na yi ta kuka ba sauti.

Naƙuda ta kama ni bayan sallar asuba, hantsi yana ɗagawa Allah ya sauke ni lafiya, namiji. Ina kwance a tabarma jikina duk ya mutu, ina jin ungozoma tana wanke-wankenta, sai na ji sallamar Alhaji da ƙarar 'yar kwalbar mansa. Inna ta karɓi kaskon, ta rufe shi da faifai, ta gyara ɗaurin zaninta ta fita. Abin da ya biyo baya ban gani ba, zana ce tsakaninmu, amma da kunnena na ji.

"Alhaji, an sami ƙaruwa a sitonka. Namiji."

"Masha Allahu. Allah ya raya, Allah ya ba uwar lafiya."

"Amin. Ga sauran nan a hannuna. Kai ne mai wuri, faɗa mini inda zan kai."

Ya ce, "Inna, ai na riga na yi magana. Ga fili nan a bayan katanga."

"Bayan katanga inda karnukan mahauta suke kwana?"

Sai na ji ta kira shi da wani suna da ban taɓa jin an kira shi da shi ba, sunan da uwarsa take kiransa yana rarrafe. Har mai tankaɗe ta tsaya.

"Ba roƙonka na zo yi ba," in ji Inna, "tuna maka na zo yi. Kafin a zuba simintin nan, gidan wa ne a nan? Ina yarinya ni nake ɗebo wa uwarka itacen wankan jegonka. A gindin wancan bangon na gabas da akwai lalle, da idona na ga an sa kaskonka a wurin. Ka je Ikko, ka je Makka, abokanka duk sun koma birni. Me ya zaunar da kai a garin nan kana goge ƙarfe kowace safiya? Kana cewa gyaɗa kake jira. Ba gyaɗa ce ta riƙe ka ba."

Jaririn yana gefena yana motsa baki. Can na ji wani nishi, irin na wanda ya ɗaga abin da ya fi ƙarfinsa, na ji muryar Alhaji ta ce a ba da hanya, na ji mata suna faɗawa ɗakunansu, takun ƙafa mai nauyi ya wuce ta jikin zanata ya nufi farfajiya. Sai dum! Ƙasan da nake kwance a kai ta amsa. Ya sake, dum! Simintin zamanin da ba ya jin rarrashi, ya yi ta ɗagawa yana saki, yana haki, mijina ya ce ya kawo ya taya shi, ya ce a'a. Da babban ƙarfen awon nan da ya yi shekaru yana gogewa yake dukan. Har na ji ƙarar ta canza, ta zama ƙas, sannan wani abu ya zube. Ba a jima ba ƙamshin ƙasa ya shigo har inda nake. Na ji Alhaji ya ce, "Tana nan da danshinta." Wata ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka, rufin kwano ya amsa musu.

Da aka binne aka mayar da ƙasa, Alhaji da kansa ya mirgino ƙarfen ya ɗora a kai. Ya ce a bar shi a nan saboda ɓera, ba shi da sauran abin aunawa. Da la'asar mijina ya saɓa fartanya ya tafi gona, ɗan aiken mai sayen gonar ya zo ya tarar da Inna tana hura wutar ruwan wankana, ta ce ya gaida maigidansa. Ranar suna Alhaji ya zo ya zauna a zauren zana tare da kowa, da zai tashi ya ce wa maza, "Ku buga ƙusarku." Sikelin kuwa ba da daɗewa ba ya sayar wa masu hatsi, ya fara sayen wake da kaɗan-kaɗan, Allah kuma ya rufa masa asiri har ya koma gare shi.

Yaron ɗan fari ne, ba na faɗin sunansa, mutanen gari Ɗansito suke ce masa har yau da furfurarsa. Bayansa duk yaron da aka haifa a wurin, a gefen ƙarfen nan aka sa nasa, ramin yana ɗan faɗaɗa. Damina ta gyaru, wasu suka sake gini suka tashi, mu da wasu muka zauna, zana ta zama tubali. Yaron yana gudu da ƙafarsa wata rana ina wanki a farfajiya na ji sallamar wata tsohuwa, siririya, da ƙullin kaya a ka. Ta je bakin kududdufi ta tsaya, wani yaro ya ce mata ai suna sito. Ashe uwata ce, ita kaɗai ta dawo, mahaifina yana can kudu a ƙarƙashin ƙasar da ba tamu ba. Ta dube ni, ta dubi yaron, ta sauke ƙullin ta ce, "Kin zauna." Na ce na zauna. Na ɗauki ƙullin na shigar da ita ciki.

Yau gonakin bakin titi duk an yanka su filaye, inda muke tsinkar tafasa an kafa allon sayarwa. Tirelolin kasuwar hatsi ta Dawanau ba sa barci, masu aiki a can da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti kowa ɗaki yake nema, ɗakin kuwa ya yi tsada kamar me. Wasu sitocin an rushe su an yi shaguna, wasu an yanyanka su an zuba 'yan haya. Da magadan Alhaji suka tashi sayar da namu, mai rushewa ne ya fara tayawa, sai Allah ya sa Ɗansito, wanda aka haifa a ciki, yana da ɗan abin hannunsa daga cinikin wake da riɗi. Bai taɓa bangon ba. Daidai inda azararmu take aka zuba dekin siminti, aka yi ciki da falo sama da ƙasa, kowane da banɗakinsa da famfonsa, tsanin gora ya zama matakala mai ƙarfe. Ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Abin da nake kewa hannun nan ne da yake zurowa ta ƙarƙashin zana, don yanzu kowa ya shiga sai ya turo ƙofa, maƙwabciya ta kwana uku da zazzaɓi ba a sani ba. Amma ban ga yaron da yake cin dusa ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abu biyu na nema, na farko ta bakin matarsa na aika tunda ni da shi ba ma doguwar magana. A bar ɗaki ɗaya a ƙasa ba haya, don duk damina akwai wanda ruwa yake fitarwa. Na biyun kuwa ban ma tsaya aike ba. Ranar da birkila ya zo shimfiɗa tayil a farfajiya, kujerata na ɗauka na dasa a wurin ƙarfen nan, na ce ya zagaye ni. Ya ce Hajiya zai ɓata tsarin aikin. Na ce tsarin ya yi haƙuri.

Kwanan baya wani yaro malamin sakandare da yake zaune a sama, baƙo ne daga nesa, matarsa ta haihu a asibiti. Ina zaune da hantsi na gan shi ya shigo da ɗan bokiti a rufe, yana zagaya farfajiya yana duban ƙasa, ya je wannan kusurwa ya dawo, ko'ina tayil. Na gane tafiyar tun bai yi magana ba, na taɓa ganin wata tsohuwa ta yi irinta. Na kira shi, ya durƙusa ya gaishe ni.

"Hajiya, a asibiti suka ba ni. Mahaifiyata ta bugo waya ta ce lallai a gida zan binne. Ni kuwa ba ni da gida a garin nan, haya nake yi."

Na dogara sandata na tashi, na kai shi gindin bangon gabas. Na ce ya kawar da ƙarfen can gefe. Ya kama mariƙin da hannu ɗaya, ƙarfen ya ƙi, ya sa biyu yana nishi yana dariyar kansa, da ƙyar ya mirgina shi. Na aika jikata ta kawo masa fartanya. Ya riƙe ta, ya tsaya yana duban ƙasar, sannan ya ɗago.

"To Hajiya, idan wa'adin hayarmu ya cika muka tashi fa?"

Na ce, "Mu ma inuwa aka ara mana kafin gyaɗa ta dawo. Haƙa, ɗana, ƙasar tana da taushi."